Baƙon Damina Da Mai Ɗaukar Hoto

Kowane manomi a ƙasar Kabo da Gwarzo ya san shamuwa. Ran da ta sauka bisa tsamiya ko kukar bakin gari, mutane su kan fara duba garma da fartanya, gama sun san ruwa ya yi kusa. Ba mai jifanta, ba mai taɓa ƙwanta. Yaron da ya ɗaga mata dutse ya kan sha faɗa tun dutsen bai bar hannunsa ba. Ba a rubuta wannan doka a takarda ba, ba a kuwa sa ɗan doka ya tsare ta ba, duk da haka kaka da kakanni sun kiyaye ta har ta iso gare mu.

Akwai wani baƙo kuma da ya kan zo tare da damina, amma ba kowa ya lura da shi ba, domin ba ya sauka a fili kamar shamuwa. Cikin inuwar manyan itatuwa ya ke zama, a lambuna da bakin rafi. Wanda ya taɓa ganinsa sau ɗaya ba ya mantawa. A zamanin nan kuwa, da kyamara ta shiga aljihun kowa, wanda ya gan shi ba ya tsayawa ga gani kaɗai, sai ya so ya ɗauki hotonsa. To, a nan tambayarmu ta ke. Mutumin da ya ɗauki hoton tsuntsu, me ya ɗauka? Akwai wani hakki da tsuntsun ya ke binsa, ko kuwa babu? Bari mu fara sanin baƙon tukuna, kāna mu auna maganar.

Kamanninsa da halinsa

Masana tsuntsaye suna kiransa Terpsiphone viridis, an kuwa fara rubuta bayaninsa cikin littattafan Turai a 1776. Mu a nan za mu kira shi maci-ƙuda mai dogon bindi, gama ƙwari ne abincinsa, wutsiya kuma ita ce adonsa. Jikinsa bai fi santimita 17 ba, watau wajen taƙi guda, nauyinsa kuwa bai kai giram 20 ba. Amma namijin yana da gashi 2 a tsakiyar wutsiya masu tsawo ƙwarai, har su kan ninka tsawonsa duka. Saboda haka ya kan fi sauran masu cin ƙuda na ƙasarmu cika ido. Kansa baƙi ne mai sheƙi, kamar rawani ɗan Kura da ya sha bugu, da ɗan tukku a bisa. Bakinsa da kewayen idonsa shuɗi ne. Bayansa da wutsiyarsa ja ne kamar lalle ya kama sosai. A cikin mazan akwai waɗansu da bayansu da wutsiyarsu fari ne fat, har wanda bai sani ba ya ce wani iri ne dabam. Macen tana da jan baya ita ma, amma ba ta da dogon gashin nan.

A kudancin Nijeriya a kan same shi rani da damina. Nan Arewa kuwa ruwa ya ke bi. Sa'ad da ƙasa ta yi kore, ƙwari suka yi yawa, sai ya hauro ya yi sheƙa, in kaka ta yi ya koma. Wanda ya ke son ganinsa a yammacin Kano sai ya nemi wurin da itatuwa suka haɗa kai, kamar lambun mangwaro, ko jerin tsamiya da kanya da ɓaure a bakin rafi, ko kewayen madatsun ruwa irin ta Guzuguzu a ƙasar Kabo da ta Challawa a Karaye, wadda aka gama a 1992.

Farautarsa abin kallo ce. Ya kan zauna bisa reshe yana juya kai, da ya hango ƙuda ko malam-buɗe-littafi sai ya zabura, ya cafke shi a iska, wutsiyar tana binsa kamar zare, sa'an nan ya komo reshen da ya bari ko na kusa da shi. Wani lokaci ya kan baza wutsiya ya bi cikin ganye yana tayar da ƙwari. Sheƙarsa ƙarama ce kamar ɗan finjalin shayi. A mararrabar siririn reshe ya ke ɗora ta, ya saƙa ta da zaren ciyawa da ɓawon itace, ya ɗaure da yanar gizo-gizo. Macen ta kan yi ƙwai 2 ko 3. Mace da namiji su kan karɓi juna wajen kwanci har wajen mako 2, 'ya'yan kuma su yi wajen mako 2 kafin su tashi. In namijin ya kwanta, sheƙar ba ta ɗaukar wutsiyarsa, sai ka ga tana lilo a waje.

Wannan shi ne hoton da kowane mai kyamara ya ke mafarki. Shi ne kuma mafarin jaraba.

Wuyar aikin

Kada mai karatu ya zaci ɗaukar hoton tsuntsun nan wasa ne. Yana cikin inuwa, kyamara kuwa haske ta ke so. Ba ya zama wuri ɗaya, idon kyamara kuwa sai ya ƙifta cikin kashi 1 bisa 1000 na daƙiƙa, ko fiye da haka sauri, kafin ya tsayar da tsuntsu mai tashi. Gaggawar ƙiftawa tana rage haske, ƙarancin haske kuma yana ɓata hoto. Ga ganye yana tare fuska, ga sauro yana cizo. Mutum ya kan yi safiya 5 ko 6 yana zuwa bai sami abin nunawa ba.

Hanyar gaskiya ɗaya ce, ita ce haƙuri. Ka zo da sassafe da tufa marar haske. Ka zauna nesa, rana tana bayanka. Ka lura da reshen da ya ke yawan komawa, ka saita kyamara a kansa, ka jira. Kwana a tashi zai saba da kai kamar yadda ya saba da kututture. Mai haƙuri ya kan dafa dutse, in ji Hausawa, amma ba kowa ya ke da itacen da zai kai dutse ga nuna ba. Don haka mutane suka nemo gajerun hanyoyi.

Daga baka zuwa kyamara

Maharban ƙasarmu sun daɗe da sanin dabarar kusantar naman daji. Maharbi ya kan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya rufa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsu mai kiwo, har ya iso inda kibiya za ta kai. Masu nazarin tsuntsaye na dā a Turai da Amurka su ma da makami suka fara. John James Audubon, wanda ya zana tsuntsayen Amurka cikin manyan zane 435 tsakanin 1827 da 1838, harbe su ya kan yi, ya kafa gawar da waya, kāna ya zana. A lokacin nan ba wata hanyar ganin tsuntsu kusa sai ya mutu.

Kyamara ce ta sāke wannan al'amari. A Ingila waɗansu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, suka ɗauki hoton sheƙa da ƙwai a ciki a 1892, a 1895 kuma suka buga littafin sheƙuna wanda hotuna ne zalla a cikinsa, ba zanen hannu. Daga baya har fatar sa suka sa aka ɗinka bisa katako, mutum ya shiga ciki da kyamara ya ɓuya. Ka ga burtun Turawa ke nan. A Amurka kuma akwai al'adar fita gasar harbi ran Kirsimeti, a ga wanda ya fi tara gawa. A 1900 wani masani, Frank Chapman, ya ce a fita a ƙidaya tsuntsaye maimakon a harbe su. Mutum 27 suka amsa kiransa a shekarar nan, har wa yau kuwa ana yin ƙidayar kowace shekara.

Labudda wannan ci gaba ne. Tsuntsun da aka ɗauki hotonsa ya kan tashi ya tafi, wanda aka harba kuwa ya tafi ke nan. Amma mu lura da abu guda. An ajiye baka, ba a ajiye zuciyar maharbi ba. Har yanzu akwai sanɗa, akwai ɓuya, akwai marmarin komawa gida da abin nunawa. Ko bakinmu ma ya tona asirin, gama ba mu ce a roƙi hoto ba, ba mu ce a ari hoto ba, cewa mu ke yi a ɗauka. Abin da aka ɗauka kuwa, dole a tambaya ko da yardar mai shi.

Gajerun hanyoyi uku

A ce wani saurayi daga Garo ya sami kyamara mai kawo nesa kusa. Ya yi ta yawo har Allah ya nuna masa sheƙar maci-ƙuda a wani lambu, da 'ya'ya 3 a ciki. Ya san iyayen tilas su zo nan, ba sauran bin su reshe reshe. Sai dai wani ɗan reshe mai ganye ya tare sheƙar. Hannu ɗaya ya isa ya karya shi. Me zai hana?

Ga abin da zai hana. Tsuntsun bai zaɓi wurin nan a banza ba. Ganyen nan shi ne rufin ɗakinsa, shi ne kuma ƙyaurensa. In an cire shi, rana za ta bugi 'ya'yan da ba su yi gashi ba tukuna, ruwan sama ya jiƙa su, hankaka da shaho kuma su hango abin da dā ba su gani ba. Ko bai karya kome ba, tsayuwarsa kusa ta isa ɓarna. Iyayen za su tsaya nesa da ƙwaro a baki suna kuka, ba su iya matsowa. 'Ya'yan da a ke ciyarwa sau da yawa cikin sa'a guda za su zauna da yunwa. In ƙwai ne, zai huce. Sawun da ya tattake cikin ciyawa kuma ya zama hanya ga kyanwa da yara masu danƙo. Saurayin zai koma gida da kyakkyawan hoto, ba kuwa zai san abin da ya faru bayan kwana 2 ba, gama ba zai kasance a wurin ba.

Hanya ta biyu sabuwa ce. Yanzu a kan sami kukan kowane tsuntsu cikin wayar hannu. In an kunna kukan namiji a lambunsa, sai ya zaci wani ne ya shigo zai ƙwace masa wuri. Ya bar kiwo, ya bar sheƙa, ya fito fili yana neman abokin gaban da babu shi. Mai kyamara ya sami abin da ya ke so cikin minti 5. Amma da me ya samu? Da ƙarya. Ya yi wa tsuntsu ƙarya da harshen tsuntsu. In mutum ɗaya ya yi sau ɗaya, watakila ɓarnar kaɗan ce. In mutum 10 suka yi ta yi kowace safiya, ƙarfin da ya kamata ya tafi ga 'ya'ya ya ƙare wajen faɗa da iska.

Hanya ta uku tana zuwa bayan an gama. Hoton ya hau intanet, an rubuta sunan lambun da itacen. Sheƙar da aka ɗaure da yanar gizo don ta ɓoyu, ga shi wata yanar gizo ta tone ta. Masu kyamara za su zo, masu danƙo kuma za su zo, gama wane yaro ne ba ya son dogon gashin nan a hannunsa?

Masu ɗaukar hoto na ƙwarai sun san tsuntsu ba ya ɗaukarsu baƙin arziki a bakin sheƙarsa. Eric Hosking, wanda ya yi suna ƙwarai a wannan sana'a a Ingila, ya rasa idonsa na hagu a 1937, sa'ad da wata mujiya mai tsaron 'ya'yanta ta kai masa bugu. Mujiya tana da farce, ta faɗi ra'ayinta. Maci-ƙuda ba shi da farcen da zai faɗi nasa. A Birtaniya, bisa ga dokar 1981, laifi ne a dami waɗansu tsuntsaye masu wuyar samu a sheƙarsu, mai son hotonsu a can sai ya nemi izini a rubuce. A lambunan Kabo ba ma'aikacin da zai tambaye ka takarda. Daga kai sai zuciyarka.

Masu musu

Wani zai ce, “Haba, tsuntsu ne fa! Mutane suna fama da tsadar taki da ciwon yara, ku kuna maganar hakkin abin da bai kai loma guda ba?” Maganar tana da nauyi, kada mu raina ta. Gaskiya ne ran mutum ya fi na tsuntsu nesa. Manomin da ya kori jan-baki daga gonar geronsa bai yi laifi ba, abincin iyalinsa ya ke tsaro. Wanda ya yanka zabo don baƙi bai yi laifi ba. Amma duba bambancin. Waɗannan bukata ce ta sa su. Mai karya reshe don hoto, wace yunwa ce ta kore shi? Ba ya ci, ba ya sha, yabo kaɗai ya ke nema. Kwaɗayin yabo kuwa ba shi da ƙoshi kamar na tuwo.

Har yanzu kuma, ba girman wanda aka cuta ne ya ke mai da abu zalunci ba. Zalunci shi ne mai ƙarfi ya ɗora wa marar ƙarfi hasara don ya san ba inda zai kai ƙara. Tsuntsu ba shi da alƙali, ba shi da dangi a fada. Don haka ma ya zama ma'auni mai kyau na halin mutum. Kowa ya iya ladabi gaban hakimi. Abin da mutum ya yi a lambu, inda ba mai ganinsa, ga abin da ba ya iya ramawa, shi ne ainihin halinsa.

Hali kuwa ba ya tsayawa inda aka koye shi. Hannun da ya saba ɗauka ba tambaya a lambu, haka zai yi a kan hanya. Mun ga yadda a ke yi a zamanin nan in mota ta faɗi. Kafin a sami mai ɗaga wanda ya ji ciwo, an sami goma masu ɗaga waya. A kan ɗauki hoton almajiri, da mai tabin hankali, da gawa, a watsa wa duniya, ba wanda ya tambaye su ko danginsu. Cutar ɗaya ce da ta bakin sheƙa, watau mutum ya ga ɗan'uwansa taliki ya zama abin nunawa kawai.

Wani kuma zai ce, “Ai hoto yana taimakon tsuntsaye. Da shi a ke saninsu, da shi a ke ƙaunarsu.” Wannan ma gaskiya ne, har ya fi na farko ƙarfi. Sanin da mu ke da shi na tsuntsayen ƙasar nan, masu kallo ne suka tara shi. A 1981 R. E. Sharland da R. Wilkinson suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano cikin mujallar Malimbus. A Jos akwai makarantar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis kusa da kurmin Amurum, daga can ne kuma aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An raba ƙasa gida gida, kowane gida wajen kilomita 9 kowane gefe, masu sa kai su shiga su yi aƙalla sa'a 2 suna rubuta abin da suka gani. Hoto ya kan zama shaida in an yi gardama. Amfanin wannan a fili ya ke. Dattawa sun tuna lokacin da ungulu ta ke cika kowace mahauta, yau kuwa yaro ya kan girma bai gan ta ba, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen duniya da su ke bakin ƙarewa. Ta ragu a gaban idonmu, ba mu farga da wuri ba, domin masu ƙidaya sun yi kaɗan.

Amma mu tambaya, wane irin hoto ne ilimi ya ke bukata? Hoton da aka ɗauka daga nesa, da kwanan wata na gaskiya, ya ishe shi. Ilimi bai roƙi a karya reshe ba. Wanda ya ce yana wahalar da wannan tsuntsu don amfanin tsuntsaye duka, sai ya duba wa ya biya, wa kuma ya karɓa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In sheƙa ta lalace, sunan mai hoto kuma ya ɗaukaka, kada a kira wannan taimako.

Na uku zai ce, “To, in haka ne, a bar su mana. Kowa ya zauna gida.” A'a, wannan ma kuskure ne. Abin da ya fi yi wa maci-ƙuda barazana a ƙasarmu ba kyamara ba ce. Gatari ne da buhun gawayi, da feshin maganin ƙwari ba bisa ƙa'ida ba. In manyan itatuwan bakin rafi suka ƙare, ba shi da masauki, in ƙwari suka ƙare, ba shi da abinci. Mutumin da bai taɓa ɗaga kai ya ga abin da ke cikin tsamiya ba, itacen wuta kaɗai ya ke gani a jikinta. Gani ya kori ji. Wanda ya nuna wa mai lambu hoton baƙon da ya ke kwana a lambunsa, watakila ya ceci itace guda. Ashe kallo da kansa alheri ne. Yadda a ke yinsa ne abin dubawa.

Sallama

Al'adarmu ta riga ta ba mu ma'auni. Ba a faɗa wa gidan mutum haka kawai. A kan tsaya a zaure a yi sallama. In an amsa, a jira iso. In an ji shiru, a koma. Ko an ba ka wuri a zaure, ba ka leƙa ɗakin mai jego.

Tsuntsu ba ya jin sallama, amma yana amsawa, ga wanda ya koyi amsar. In ya ci gaba da kiwonsa, yana gyaran gashi, yana kai wa 'ya'yansa abinci kamar ba ka nan, ya ba ka zaure ke nan, sai ka zauna da ladabi. In ya daina abin da ya ke yi ya zuba maka ido, ka iso iyaka. In ya yi ta kuka mai kaushi, ko ya riƙe ƙwaro a baki ya ƙi zuwa sheƙa, ko ya tashi daga kan ƙwai, ya ce maka ba shiga. Sai ka ja da baya nan da nan, ko da hoton duniya ne ya rage ƙiris. Sheƙa ɗakin mai jego ce.

Da wannan mun sami amsar tambayarmu. Mai ɗaukar hoto yana ɗaukar lokacin tsuntsu, da kwanciyar ransa, da asirin gidansa. Hakkin da a ke binsa shi ne ya bar tsuntsun yadda ya same shi. Gani ba ci ba ne. Mutum 1000 su kalli maci-ƙuda, gashi ɗaya ba zai ragu a jikinsa ba. Kyauta ce irin wadda ba ta ƙarewa da rabo, muddin ba wanda ya ce sai ya mai da ita tasa shi kaɗai.

Hakkin mai kallon hoto

Akwai hakki na biyu, na mutanen da za a nuna wa. Wanda ya ga hoton tsuntsu a daji ya gaskata cewa haka abin ya faru. In an kama tsuntsun ne aka ɗaure ƙafarsa, ko an gyara hoton a kwamfuta har aka ƙara abin da babu, an ci amanar mai kallo. A 2009 hoton wani kyarkeci yana tsallake shinge ya ci babbar gasar hotunan namun daji ta London. A farkon 2010 alƙalan gasar suka karɓe kyautar, domin sun gamsu cewa dabbar ta saba da mutane ce, ba ta daji ba, ko da shi ke mai hoton ya musa. Hoton bai sāke ba, kyansa yana nan. Abin da ya ɓace shi ne gaskiyarsa, da ta tafi kuwa ba wanda ya ƙara son kyan. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Gara hoto mai duhu-duhu, ganye ya tare rabin wutsiya, amma na gaskiya.

Ya kai saurayi mai kyamara, sana'arka mai kyau ce, ƙasarmu kuwa tana bukatar irinka. Ka koyi tsuntsu kafin ka koyi na'ura. Ka nemi izinin mai lambu. Ka tsaya nesa, kada ka taɓa reshe, kada ka kunna kuka lokacin sheƙa, kada ka haska walƙiyar kyamara a idon mai kwanci. In ka san inda sheƙa ta ke, ka riƙe a cikinka sai 'ya'yan sun tashi. Ran da ka komo hannu wofi domin ka ja da baya, kada ka ce ka yi hasara. Ka ga abin da mutane da yawa ba su gani ba, ka kuma bar shi da rai.

Ku iyaye da malaman makaranta, ku ne kuka koya wa yara kada su jefi shamuwa. Ku faɗaɗa musu dokar nan kaɗan. Ku kai su bakin rafi da damina, ku zaunar da su shiru rabin sa'a, su ga yadda ƙaramin tsuntsu ya ke ciyar da gidansa. Baƙo raɓa ne. In kaka ta yi, aka fara yankan gero, maci-ƙuda zai kama hanyar kudu da 'ya'yan da ya samu a wurinmu. Ko za su komo baɗi, wannan yana ga itatuwan da muka bari a tsaye, da irin karɓar da muka yi musu bana.